Hancin Mai Turare a Ɗakin Alhaji Mamman

Aji huɗu na yi a firamare mahaifina ya ce boko ya isa haka, ya kama hannuna ya kai ni wurin mai turare. Amma aji huɗun nan na more shi. A duk layin 'yan turare na kasuwarmu ni ake kawo wa kwalba in karanta abin da Bature ya rubuta a jikinta. Rabin abin da nake karantawa daga cikin kaina yake fitowa, kuma shekara arba'in ba wanda ya kama ni. Shi ya sa aka sa mini Ticha. Sunana na yanka Ilu, amma ko marigayiya matata Ticha take ce mini idan tana neman faɗa.

Ina da wani ɗan littafi da nake tara kalmomin Turanci a ciki, yadda wasu ke tara tattabaru. Yawancinsu tsintarsu na yi, a jikin kwali ko a bakin rediyo. Guda ɗaya ce na sha wuya kafin ta shiga littafin. A Makka na samo ta, kuma ba Bature ne ya koya mini ba, wata mata ce 'yar ƙasar Koriya wadda har gobe ba ta san ina duniya ba. Labarin wannan kalma zan ba ku. Mai cin abinci ya ture kwanonsa tukuna.

Zangon farko gajere ne. Wani ejan, wanda ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba, ya ce akwai kantin turare kusa da Harami da ke neman dattijo mai hanci. Hanci dai ina da shi. A kasuwarmu in aka rufe mini ido aka gifta da kwalba, sai in faɗi abin da ke ciki har da abin da aka yi algus da shi. Muka zo da bizar Umara. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, na yi kuka a gaban Ka'aba kamar an yaye ni ranar. Bayan kwana uku ejan ya tattara fasfunanmu a leda, ya ce zai je a buga mana iƙama, wato takardar zama, kada kowa ya motsa. Har yau yana hanya.

Zango na biyu Utaibiyya, unguwar tsofaffin gidaje a cunkushe, lunguna suna hawa suna sauka. Wani Bamaraɗe mai suna Sani, mai tura alhazai a keken guragu, ya tsince ni a bakin masallaci na rungume jakata, ya kai ni ɗakinsu. Mu bakwai ne a ciki, taga ɗaya, da na'urar sanyi mai tari kamar tsohon mashayin taba. Na gwada turin keke, gwiwata ta ce ba da ita ba. Na gwada shimfiɗa tasbaha da zobba a ƙasa, sai na gano sana'ar gudu ce ba ta ciniki ba. Da an ce "askar!", wato 'yan sanda, sai kowa ya naɗe kayansa ya zuba a guje, ni kuwa mai shekara sittin da 'yan kai, guduna da tafiyar wasu ba su da bambanci.

Abu ɗaya na zo da shi daga gida wanda ejan bai gani ba: 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, haɗin kaina, wanda ko ɗana Kabiru ban gaya wa sirrinsa ba. In kewa ta taso mini sai in buɗe, in shaƙa sau ɗaya, in rufe. Nan take sai in ga rumfata, da mai shayin da ke gefena, da yadda rana ke faɗowa kan kwalabe bayan la'asar.

A ƙasan wani bene akwai wata tsohuwa Bazamfara mai sayar da tuwo, Hajiya Kande, ta fi shekara talatin a garin ba takarda. Ita ta lura ina yawan zuwa gaisuwa ina ƙarancin cin abinci. Sai ta riƙa zuba mini tana kallon wani wajen. Wata rana ta ce, "Ticha, akwai shugul, aiki nake nufi, a unguwar Rusaifa. Jinya ce. Ga ɗaki, ga abinci, ba gudu. Amma tsaya in tambaye ka, kana da ƙyanƙyami?"

Na ce, "Ni? Hajiya, 'ya'ya shida na rena."

"Kai ka rena ko uwarsu?"

"Ina gidan dai lokacin da ake renon."

Ta nuna ni da ludayi ta ce, "Allah ya shirye ka. Tsohon mutumin kirki ne. Kada ka ba ni kunya."

Zango na uku Rusaifa, kuma a nan kalmar take.

Gida ne na Hausawan da aka haifa a can, masu takardar ƙasa. Ɗan majinyacin, Faisal, magidanci mai kamar shekara hamsin, shi ya tare ni. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce, "Ammu Ilu, walidi, babana, ta'aban ne, yana jin jiki ƙwarai. Sukari, kuma rabin jikinsa ya mutu. Mun kawo mutum uku, kullu sun gudu." Ya kai ni bakin ƙofar ɗakin ya nuna mini da hannu. Shi bai shiga ba. Da na sa ƙafa na gane dalili.

Jama'a, hanci baiwa ce a kasuwar turare. A ɗakin nan azaba ce. Wani wari ɗaya zai ji ya wuce. Ni kuwa sai da hancina ya rarraba mini shi kashi-kashi yadda ya saba: ga zarnin fitsari, ga gyambon baya da ya fara ruwa, ga maganin asibiti, ga turaren wuta mai tsada da aka banka don a rufe, shi kuma ya tara su duka ya ɗaura musu aure.

A kan gadon ga Alhaji Mamman, dogon mutum da ciwo ya tsotse. Iyayensa da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, a hanya aka haife shi, a goye ya shigo Makka. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa motar alhazai. Yanzu hannun hagu da ƙafar hagu sun mutu, gefen bakinsa ya karkace yana zubar da yawu, amma idonsa da hankalinsa ba abin da ya taɓa su. Hausarsa ta fi tawa tsufa.

Ya ce, "Kai ne mai turaren?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ka zo inda ake buƙatarka. Daga ina?"

"Kano."

"Ban taɓa ganinta ba. Uwata ta ce akwai wani dutse a tsakiyar gari. Yana nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe, ba a ɗauke ba."

Ya yi dariya da rabin bakinsa. Tun ranar na san zan so mutumin nan, kuma tun ranar na san cikina ba zai so shi ba.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Da safe in cire masa nafkin ɗin manya, in wanke shi, in juya shi, in wanke gyambon in sa magani, in sauya zanin gado. Da azahar haka, da la'asar haka, da duk lokacin da ciki ya ga dama. Na ƙirƙiro dabaruna. Nakan sa safar hannu biyu a kowane hannu. Nakan ɗiga haɗina a cikin takunkumi kafin in ɗaura. In na gama in shiga banɗaki in yi ta tofar da yawu har maƙogwarona ya bushe. A tsammanina duk a ɓoye nake yi.

Ranar farko da aka kawo tire, shinkafa da kaza, ya ce, "Bismilla, mai turare, sa hannu." Na dubi gefen bakinsa. Na dubi hannun damansa, wanda da shi yake sosa duk inda ya kai. Na ce ina azumin Litinin. Talata na ce ramuwa nake. Laraba na ce alwashi na yi. Alhamis ta zo ta cece ni. Abincina a kicin nake ci, a tsaye, bayan na wanke hannu kamar zan ɗaye fatar.

Bayan wata guda ya ce, "Shekara tamanin ina Makka ban ga waliyyi irinka ba. Kullum azumi, kuma kumatu sai ƙaruwa suke."

Daga nan bai sake cewa in sa hannu ba.

Ranar Juma'a nake hutu, in je Utaibiyya in gaida mutane. Juma'ar farko aka kawo faranti, kowa ya matso, ni ma na matso. Sai Sani ya jawo wani ɗan kwano ya ɗebar mini a ciki ya tura gabana, ya ce, "Ticha, ga naka nan, ka ci a sake. Ka san aikin nan naka." Ba wanda ya ɗago kai. Na ci, amma kamar ƙasa nake tauna. Duk hanyar komawa ina zagin Sani a zuciyata. Kuma ku ji wautar ɗan aji huɗu: ko sau ɗaya ban haɗa kwanon Sani da azumina ba.

A wata na uku Alhaji ya fara rage ci. Daga loma goma zuwa biyar, daga biyar zuwa kurɓin shayi. Daga nan ko ruwa sai an yi da gaske. In na kai cokali sai ya juya kai ya ce ya ƙoshi. Gaskiya zan faɗa, da farko daɗi na ji, don aiki ya ragu. Wanda bai ci ba, ba abin da za a kwashe.

Aka kira likita ya duba maƙogwaro, ya duba ciki, ya ce ba abin da ya toshe. Ya ce in har Asabar bai ci ba, sai a kai shi asibiti a zura masa roba ta hanci. Alhaji ya ce in an kai shi kada a dawo da shi sai a makara. Faisal ya ja ni waje ya ce, "Ammu Ilu, ka yi ƙoƙari, Allah yikhallik. In ya shiga mustashfa ba zai fito ba, na san walidi. Kuma shugul ɗinka ya ƙare, ka fahimta." Na fahimta. Kuma kada in yi muku ƙarya, katifata na fara tunawa kafin ran Alhaji.

Faisal yana da 'ya, Amal, budurwa da ta gama makaranta. Kallon finafinan Koriya ya sa ta iya yarensu fiye da Hausa, kuma tana shirin wata jarrabawar Turanci. Sai ta samo darussan da aka shirya wa mutanen Koriya masu koyon Turanci, wai don ta riƙa jin yarukan biyu a zama ɗaya. Kullum da safe takan zo bakin ƙofa da mayafinta ta ce, "Sabahal khair, Sidi," haka suke kiran kaka, ta miƙo mini wata babbar waya mai faɗin allo in jingina a kan tebur Alhaji ya saurari karatun Alƙur'ani.

Ran Talata karatun ya ƙare ina tsakiyar aiki. Abin da Alhaji ya ɗan sha ne ya fito, amma gyambon ya yi ruwa sosai, hannuwana duka a ɓace. Sai na'urar ta tsallaka da kanta zuwa darasin Amal. Wata mata ta bayyana, fes da ita, gashi a gyare. Ba halin in taɓa. Ta faɗi wata kalma a hankali har sau uku: disgos, disgos, disgos. Ta faɗi ta Koriya, wadda harshena ya ƙi ɗauka, na bar wa masu ita. Sai aka nuna hoton wani mutum ya buɗe tukunya ya tarar da abin da ya kwana uku. Daga nan matar da kanta ta yi fuskar don ɗalibai su gane: ta tattare hanci, ta haɗe gira, ta ƙanƙance ido, ta ja wuya baya. Ta sake faɗi, ta sake yi.

Ticha kuwa an ga sabuwar kalma. Ina riƙe da auduga na ce, "Disgos."

Alhaji yana kwance a gefe na juya shi, fuskarsa tana kallon allon. Ya ce, "Ka gane ma'anarta?"

"Ina nazari, ranka ya daɗe."

"Ba sai ka wahalar da aji huɗunka ba. Ɗago kai ka dubi madubi."

Akwai madubi a jikin kabad, daidai gefen gado. Wata uku ina aiki a gabansa ban taɓa lura cewa in na juya Alhaji, ta cikinsa yake kallona ba. Na ɗago. Takunkumi ya rufe hanci da baki, amma ga gira a haɗe, ga ido a ƙanƙance, ga wuya ya ja baya. Ni da matar Koriya kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Ya ce, "Kai suka zana. Da sun sani da sun ɗauke ka aiki, ka fi ta iyawa."

Na sunkuya na ci gaba da goge gyambon.

Ya ce, "Kana tsammanin ƙyallen nan yana ɓoye ta? Ido ai a waje yake. Turarenka ma ina jin sa, yana da kyau, Allah ya yi maka baiwa. Tofar da yawun ma ina ji, bangon nan ba kauri." Ya ɗan huta, don magana tana gajiyar da shi. "Faisal ya yi wannan fuska sau biyu, ya daina shigowa. Matarsa daga bakin ƙofa take yi. Ban ga laifinsu ba. Kai kuma ba ka da inda za ka, don haka taka nake gani, sau huɗu a rana. Na kwanta na yi tunani, mai turare. In na ci, sai ya fita. In ya fita, sai in ga fuskar. To na gano inda ake rufe famfon."

Na gama ɗaure gyambon.

Da Amal ta zo karɓar na'urarta ta ga inda ta tsaya, sai ta rikice. Na ce, "'Yata, mece ce wannan kalma?"

Ta ce, "Da Larabci garaf, Ammu. Ya'ani... in ka ga abu, zuciya ta tashi. Ban san ta da Hausa ba."

Daga kan gado Alhaji ya ce, "Ƙyama."

Ta ce, "Sidi, wallahi darasi ne bas, ba kai ba!"

Ya ce, "Na sani, ya binti. Je ki yi karatunki." Ta tafi tana share ido. Ita ma daga bakin ƙofar ta yi maganar.

To da yake ni mai ilimi ne, sai na yanke cewa abin da aka koya ana iya warware shi da darasi. Na shiga banɗaki na tsaya gaban madubi na yi ta horar da fuskata: saki gira, buɗe ido, ɗan murmushi. Laraba da safe na shigo ba takunkumi, haƙora a waje, na fara aiki. Alhaji ya kalle ni ta madubin ya ce, "La ilaha illallahu. Mayar da waccan. Wannan kamar kan tunkiya da aka babbake." Ranar ko shayi bai kurɓa ba. Leɓensa ya tsattsage. Da la'asar ya kira ni da sunan wani ƙanensa da ya mutu tuntuni.

Alhamis da safe na roƙi Faisal awa biyu, na shiga tasi zuwa Utaibiyya, ina sunkuyar da kai duk inda na hango mota mai fitila a ka. Na zauna gaban Hajiya Kande na zayyana mata komai, har da matar Koriya.

Ta ce, "Ban san Koriya ba. Ka taɓa cin abinci da shi?"

Na ce, "Ai ina yawan azu..."

"Rufe mini baki. Ranar da Sani ya ware maka kwano, ba nan ka zo kana huci ba? Kai da ba ka wari ma?" Ta jawo kwano ta kwashe tuwo mai laushi, ta zuba miyar kuka da ta ji daddawa, ta ɗiga man shanu, ta ɗaure a ƙyalle. "Uwarsa Bahausa ce, da wannan aka yaye shi. Kwano ɗaya na zuba. In ka nemi na biyu kada ka sake tako ƙofata."

Na dawo da azahar. Na gyara shi tukuna, na wanke hannu sau ɗaya irin na mutane. Na tayar da shi na jingina da filo, na zauna a bakin gadon, inda ban taɓa zama ba. Na buɗe kwanon a tsakaninmu. Ƙamshin daddawa ya tashi ya tarar da abin da ke ɗakin, suka gaisa. Na ga hancin Alhaji ya motsa.

Na ce, "Bismilla, ranka ya daɗe, sa hannu."

Ya ce, "Yau Alhamis. Ba ka azumi?"

"Na sha ruwa tun wata uku da suka wuce."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga hannun nan na dama, ya tsoma a tuwon, ya gutsuro, ya dangwali miya. Ya kai baki ya ciji rabi. Yawu ya biyo gefen da ya mutu ya sauka a kan yatsunsa da sauran lomar. Bai haɗiye ba. Ya riƙe abin da ke bakinsa, ya miƙo mini ragowar.

Ya san abin da yake yi, tsohon direban nan. Ni ma na sani.

Ina so in ce muku zuciyata ta yi fari na karɓa da murna. Ƙarya ne. Hancina, maci amana, ya lissafa mini duk abin da ke jikin lomar. Na karɓa na sa a baki. Ta tsaya a maƙogwaro ta ce ba inda za ta. Hawaye ya zubo mini. Na danne ta da ƙarfin tsiya ta wuce.

Alhaji ya ce, da tuwo a bakinsa, "Fuskar tana nan fa."

Na ce, "Tana nan, ranka ya daɗe. Ba ta jin maganata. Amma ni ma ina nan."

Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye.

Loma huɗu ya ci ranar. Ni na ci shida, don duk wadda ya ci sai ya ga na ci, wani lokacin ya ƙara mini don mugunta. Da la'asar abin da ya ci ya fito, kamar yadda ya faɗa. Na kwashe ina yamutsa fuska, shi kuma yana kallona ta madubi yana cewa, "Faɗi kalmar, Ticha, kada ta shaƙe ka." Na ce, "Disgos, ranka ya daɗe." Ya yi dariya har ya ƙware. Asabar likita ya zo ya koma da robarsa.

Wata biyar muka yi muna ci kwano ɗaya. Ban taɓa sabawa da warin ba, kada wani ya ce muku ana sabawa. Amal ta fara shigowa tana zama a kujera. Faisal ya kai tsakiyar ɗaki sau biyu. Wata Lahadi da hantsi, na juya Alhaji zan sa magani, na ɗago na dubi madubi don in ji me zai ce, na ga idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba.

A wurin wankan gawa Faisal ya shigo da ni a matsayin ɗan'uwa. Na zuba ruwa, na juya shi yadda na saba. Abin da ya rage a 'yar kwalbata na juye a likkafaninsa, duka. Mai wankan ya tambayi wane turare ne wannan, na ce ba a sayar da shi.

Zangon ƙarshe ba shi da daɗin faɗi. Faisal ya sallame ni da mutunci, amma ɗakin ba nawa ba ne. Na koma Utaibiyya, Sani ya ci gaba da ware mini kwano ko da aikin ya ƙare. Kafin wata biyu aka yi kame a lungunmu da rana tsaka, guduna kuwa kun san shi. Aka kai mu inda ake tara waɗanda za a mayar gida, muka yi makonni, daga nan jirgi. Ko sallama ban yi da Hajiya Kande ba. Na sauka da jallabiya ɗaya da ɗan littafina. Rumfata kuwa tuni wani yake sayar da cajar waya a ciki.

Bara ciwon nan ya same ni. Hagu, kamar nasa. Wannan labari ma faɗa nake ana rubutawa. Ɗana Kabiru ne yake zuwa da safe kafin ya tafi aiki, ya ɗaura takunkumi, ya sa safar hannu biyu. Yaron kirki ne, bai taɓa fashi ba. Na sa an kafa mini madubi a gefen gado, na ce don in riƙa gyara hula. Ta ciki nake ganinta: girar, idon, wuyan. Tawa ce sak, gado ya yi.

Yau da aka kawo tuwo na ce, "Kabiru, bismilla, sa hannu."

Ya ce, "Baba, ina azumi."

Na ce, "Allah ya karɓa. Yau wace rana?"

Ya ce, "Talata."

Na ce, "Ramuwa ke nan." Na jawo kwanon gabana na cinye tas, har da suɗe yatsu. Gobe da safe zai ga aiki.